Cinikin Ƙafar Injiniya

Da sunan Allah nake farawa, wanda cuta da magani duk a hannunSa suke. Abin da zan faɗa ya faru 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Na rubuta shi ne don duk matar da Allah ya haɗa ta da miji mai ilimi da taurin kai ta karanta, ta san irin zaman da za ta yi ranar da ya kwanta ciwo.

Mijina ba Bahaushe ba ne. Mutumin Umdurman ne ta ƙasar Sudan. Ya zo Kano yana saurayi, lokacin da ake kafa injunan ruwan famfo, aka ɗauke shi saboda ya san ƙarfe ya san lissafi. Ya ce shekara biyu zai yi ya koma wurin uwarsa, sai ga shi ya haura ashirin da biyar. Ban taɓa kama sunansa da bakina ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Duk Mandawari Injiniya ake ce masa, haka ni ma zan kira shi. Ni sunana Binta, amma shi tun ranar da aka kai ni bai taɓa ce mini komai ba sai "Ya Fatna", irin ta mutanensu.

A shagon ƙofar gidanmu ya fara sauka. Mahaifina ya lura da shi shekara guda bai ga ya rasa jam'i ba, ya tambaye ni, na ce ina so. Muka haifi huɗu, mata uku da namiji ɗaya. Ba zan ɓoye alherinsa ba don ina jin haushinsa. A tire ɗaya muke cin abinci, ni da shi da yara, maƙwabta suna yi mana dariya wai mun zama Larabawa. Shi ya koya mini wannan rubutun da nake yi. Shi ya sa 'ya'yansa mata a makaranta lokacin da ake ganin abin kunya ne. Famfon alwala na masallacin unguwarmu da hannunsa ya ja shi. Kullum bayan asuba sai ya karanta izu biyu kafin ya hau kekensa. Hausarsa kuwa har ya bar duniya ba ta miƙe ba, mace yakan ce mata "kai", namiji ya ce masa "ke". Yana da kalma ɗaya ta garinsu, "kwayyis", wato lafiya lau. Inji ya tashi, kwayyis. Tuwo ya yi daɗi, kwayyis. Wannan kalma ita ta cuce mu.

Tun kafin ciwon ƙafar na ga alamu. Randa guda yakan kusa shanye ta a wuni. Ba ya zama minti talatin bai zaga ba. Wandunansa suka fara yi masa yawa. Wata rana ina wanke makewayi na ga ƙiyashi sun yi baƙi a inda yake tsugunawa. Na faɗa masa. Ya ce, "Zafi ne, Ya Fatna. Bazara ce. Inji ma in ya yi zafi ruwa yake sha." Ya miƙo mini kofi in ƙara masa shayi. Shayinsa shida a rana, kowanne da sukari cokali uku, in na rage sai ya gane tun daga kurɓar farko.

Saura mako biyu azumi wani inji ya tsaya a wurin aikinsu. Yana cikin gyara sai tsinin wani ƙarfe ya huda takalminsa ya shige babban yatsansa na hagu. Bai ji ba. Sai da ya cire takalmi zai yi alwalar azahar ya ga jini ya cika ciki. Mutum mai hankali irinsa, ƙarfe ya shige shi bai ji zafi ba, ai ya isa ya tsaya ya tambayi kansa dalili. Bai tsaya ba. Ya shafa aidin, ya ɗaure da tsumma, ya koma ƙarƙashin inji. Kwana biyar yana ɓoye mini, yana wanke safarsa da kansa. Da na tambaye shi yaushe ya fara wanki, ya ce lada yake nema. A rana ta shida na ɗaga tabarmar sallarsa na ga tabon ruwan ciwo daidai inda yatsunsa suke dafawa.

"Nuna mini ƙafarka," na ce.

"Kwayyis ce."

"Ban tambaye ka sunanta ba. Nuna mini."

Yatsan ya kumbura ya yi kamar gauta, bakin ciwon ya yi fari.

Mako na biyu na 'yan ba da shawara ne. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ta taso daga Zaitawa da ƙullin garin bagaruwa da man shanu, ta ce kwana uku ya isa. Wata maƙwabciya ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mugun jinin. Wata ta ce a gasa da tsumma da ruwan kanwa. Wani dattijo a ƙofar masallaci ya ja Injiniya gefe ya ce masa sammu ne, abokan aiki ne suke baƙin cikin baƙo ya fi su. Kowa ya shigo da maganinsa, ba wanda ya shigo da tambaya. Injiniya ya kori zancen sammu, ya ƙi wanzami, ya sha rubutu, ya bar Gwaggo ta barbaɗa garinta don kada ta ji kunya. Garin ya toshe bakin ciwon, ruwan ya koma ciki.

Yayana Garba, mai sayar da yadi a Ƙofar Wambai, shi kaɗai ya yi magana mai amfani. Ya dubi ƙafar sau ɗaya ya ce, "Gobe asibiti. Zan rufe rumfa in zo mu tafi." Na ce da ni za a je. Gwaggo ta ce matar aure me za ta yi a cikin maza. Na ce ai na haura arba'in, ba wanda zai sace ni.

Muna idar da asuba muka fita, muka tarar layi ya riga ya zagaye baranda. Layin kati daban, layin ganin likita daban, ga rana tun hantsi kamar ana hura wuta. Magatakardan da yake yankan kati ya gane Injiniya, don shi ya gyara musu famfo, ya yafito shi ya zo gaba. Ya ƙi. Wai waɗannan bayin Allah sun riga shi, ba zai ci haƙƙinsu ba. Na ce, "To ka zauna mana, in tsaya maka." Ya ce layi na mai ciwo ne. Haka ya tsaya a kan wannan ƙafar har aka yi kiran azahar.

Aka karɓi fitsarinsa a kwalba, aka zuba a wani ruwa shuɗi aka ɗora a wuta, ina kallo ya koma ja kamar jar ƙasa. Likitan Bature ne, dogo, mai gilashi. Ya duba yatsan, ya tsikari tafin ƙafar da allura, Injiniya bai motsa ba. Sai suka shiga Turanci. Akwai malamin asibiti a tsaye da yake yi wa mutane tafinta, amma Injiniya ya ɗaga masa hannu ya ce ba sai ya wahala ba. Suka daɗe. Na ga likita yana buga yatsa a tebur, na ga Injiniya yana murmushi yana girgiza kai. Ni da Yaya Garba muna zaune kamar gumaka.

Da muka fito na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce ƙaramin abu ne. A wanke da ruwan gishiri, a rage sukari kaɗan. Kwayyis."

"Duk wannan dogon zancen?"

"Turanci haka yake, Ya Fatna. Magana da yawa, ma'ana kaɗan."

Na yarda. Shekara ashirin da uku muna tare bai taɓa yi mini ƙarya ba, don me zan ƙi yarda?

Azumi ya kama a tsakiyar zafi. Ya ɗauka. Takalmi ya daina shiga, sai ya yanke gaban wani tsohon takalminsa ya sa, ya hau keke yana tuƙawa da dunduniya. Na ce ya nemi hutu, ya ce a wannan zafin in ruwa ya ɗauke wa masu azumi wa zai amsa a gaban Allah. Ya dawo leɓensa a bushe, idonsa ya faɗa, ya sha ruwa da kunu da shayi uku a jere, ya tafi asham ya tsaya tun daga farko har ƙarshe. Ni kuma ina nan ina dafa ruwan gishiri safe da yamma kamar yadda aka ce likita ya ce.

A mako na huɗu wari ya fara. Na ƙona turaren wuta har ɗakin ya yi hayaƙi, bai rufe ba. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya fara bi. Yara suka daina zama kusa da shi wurin shan ruwa, ya lura, ya koma cin abinci shi kaɗai a zaure. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, amma bai sa ya ce a koma asibiti ba. Ran sha biyu ga azumi da la'asar motar wurin aikinsu ta tsaya a bakin lungu, mutum huɗu suka shigo da shi a sume. A gaban inji ya faɗi.

Aka ba shi gado. Washegari da na kawo abinci, wannan malamin asibitin da aka hana tafinta, Malam Isa, ya tare ni a baranda. Fuskarsa a ɗaure.

"Malama, ke ce maiɗakin Injiniya? Don Allah me ya sa kuka hana shi zuwa allura?"

"Wace allura?"

Ya dube ni, ya ga da gaske nake. Ya sauke murya. "Ranar da kuka zo ina tsaye. Likita ya ce ciwon sukari ne, ya yi nisa. Ya ce kullum da safe ya zo a yi masa allura. Ya ce kada ya kuskura ya yi azumi. Ya ce a cire yatsan nan a makon, kafin abin ya hau. Shi kuma ya ce sai bayan Salla."

Kwanon da yake hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba. Na shiga ɗakin, gado goma sha biyu duk maza, ban ko ja mayafina ba.

"Ƙaramin abu ne?" na ce. "Ruwan gishiri?"

Ya dubi Malam Isa a bayana, ya gane. Ya ce, "Ya Fatna, mutane suna ji."

"Su ji. Mako biyu ina dafa ruwan gishiri kamar mahaukaciya, kai kana kallona."

"Ban so hankalinka ya tashi ba."

"To ga shi ya kwanta."

Can ya ce, tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa shan azumi ko ɗaya ba, ko a hanyar zuwansa Kano da suka yi wata biyu a tafiya. Ya ce Allah ya ba shi yatsu ashirin, yana so ya mayar da ashirin. Kuma a wannan safiyar ma, da ya farfaɗo, da niyyar azumi ya tashi. An zo da allura ya ce sai magariba.

Na aika Yaya Garba ya ɗauko limamin unguwarmu. Liman tsoho ne mai sanyin magana. Ya zauna a bakin gado, Injiniya ya fara jawo masa littattafai da Larabci, wannan malami ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Liman ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Injiniya, ka fi ni Larabci, ba na musu. Amma ka san Allah da kanSa ya ɗauke wa marar lafiya azumi. Sarki ya yi maka kyauta, kai kuma ka ce ba ka so, ka fi son ka biya. Wannan ladabi ne?" Ya ɗebo ruwa a kofi ya miƙa masa. Injiniya ya riƙe kofin ya daɗe. Ya sha, hawaye yana zuba cikin gemunsa. Na tausaya masa, wallahi na tausaya, amma a zuciyata cewa nake: da ka sha wannan ruwan mako biyu da suka wuce.

Na ɗauka an gama. Ashe ciniki aka buɗe.

Wannan karon na ce Malam Isa ya tsaya ya juya mini kowace kalma. Likita ya ce zancen yatsa ya wuce, yanzu sai dai a yanke ƙasan gwiwa. Ya faɗi wata kalma da har yau take kunnena, "gangirin". Malam Isa ya ce ma'anarta naman ya mutu, kuma mutuwar tafiya take yi sama. Injiniya ya ce a ba shi mako guda a gwada allurar fenisilin. Likita ya ce allura ba ta ta da mataccen nama. Injiniya ya ce shi injiniya ne, ba a jefar da ƙarfe sai an gwada gyara. Likita ya ce ƙafar Injiniya ce, ba zai yanka da ƙarfi ba, ya fita yana jan tsaki irin nasu.

Sai mijina ya sa aka kawo masa alƙalaminsa da ma'auninsa na aiki. Ya ja layi da tawada a kan idon sawunsa, ya ce in baƙin ya haura nan ya yarda. Kullum da safe ya auna, ya rubuta a ɗan littafinsa. Kwana uku baƙin ya haura layin. Da na zo na tarar ya ja sabon layi a tsakiyar ƙwauri.

"Wancan fa?"

"Wancan ban auna daidai ba."

A wannan makon 'yan dubiya suka ƙara dagula mini lissafi. Gwaggo Asabe ta zauna a gefen gado tana cewa kada ya yarda, Turawa yanka suke so, ta san wani a bayan gari da aka ce za a yanke masa hannu ya gudu, ga shi nan yana noma. Wani abokin Yaya ya zo da labarin mai magani a wani ƙauye, kwana biyu a mota. Duk wanda ya faɗi abin da Injiniya yake son ji, sai ya ce a ba shi kujera. Ni da nake faɗin gaskiya na zama abokiyar gaba. Ina azumi, ina dafa abincin gida, ina dafa nasa daban ba sukari ba tuwo da yawa, in ratso rana daga Mandawari in kawo, ya ɗanɗana shayin ya ture ya ce wannan ruwan wanki ne. Na sayar da awarwarona a makon ban gaya masa ba. Sau biyu allurar ta yanke a asibitin sai da Yaya ya zaga gari ya nemo. Rannan kuma aka ɓatar da katinsa, aka sa ni zaman jira tun safe har azahar kafin a gano shi a ƙarƙashin na wani.

Ran ashirin da huɗu ga azumi na tarar da layi na uku, dab da gwiwa. Zazzaɓi ya kama shi, idonsa ya yi ja. Na ja labule na zauna. Ban ɗaga murya ba, na gaji da ɗagawa.

"Gaya mini gaskiya sau ɗaya. Me kake tsoro? Wuƙar?"

Ya girgiza kai. Ya ce, "Na rubuta wa uwata cewa bana zan kawo ku ta gan ku, mu wuce Makka. Ta tsufa, Ya Fatna. Da ƙafa biyu na bar ta. Yaya zan shiga mata da sanda?"

Ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Na ce, "Uwa ce. Ni ma uwa ce. Ɗana ya shigo mini da ƙafa ɗaya, ko a aiko mini da takarda a ce ya mutu, wanne kake gani zan zaɓa? Ka tsaya a layi don kada ka ci haƙƙin mutanen da ba ka sani ba. Mu fa? Yara huɗu ba su da baffa a garin nan, ba su da kowa ta wajenka sai kai. Namu haƙƙin wa zai biya?"

Ya rufe ido. Ya miƙo mini ma'aunin da alƙalamin ya ce in kai gida. Ya ce a kira likita.

Likita ya duba ya ce yanzu sai saman gwiwa. Abin da yatsa ɗaya zai biya, sai da ya ci ƙafa har cinya. Aka yi aikin saura kwana huɗu Salla.

Ya farfaɗo, kuma kwana goma da suka biyo baya har na fara sakin jiki. Zazzaɓin ya sauka. Ran Salla na kawo yara da sababbin kaya, suka zauna a kan gadonsa muka ci a tire ɗaya. Ya yi abota da na gadon kusa da shi, wani ɗan dako mai suna Mamman, mutumin ƙauye, wanda mota ta take wa ƙafar hagu a kasuwa aka yanke ta a wuri ɗaya da tasa. Mamman ba ya magana, kullum fuskarsa a bango, don ɗan dako ba ƙafa ya san abin da yake jiransa. Injiniya ya dinga raba abincinsa da shi yana tsokanarsa har ya fara dariya.

Salla a zaune ita ce ta dame shi. Ya ce goshinsa bai taɓa ƙasa ba tun da aka kwantar da shi, ji yake kamar bai yi ba. Sai ya nemi takarda ya fara zane. Ƙafar katako ya zana, amma ba irin sandar da ake ɗaura wa mutane ba. Tasa tana da gwiwa mai lanƙwasawa, da wani ɗan ƙarfe da za a ja ta saki in za a yi sujada, a mayar ta kulle in za a tafi. Ya sa aka kira Malam Tanko kafinta, ya ce a cire ƙarfen daga jikin kekensa tunda ya gama hawa. Sau uku yana mayar da Malam Tanko saboda awo bai yi masa ba. Na ce, "Ka bari ciwon ya warke tukuna mana." Ya ce, "Ka ce ina jinkiri. Yanzu kuma ina sauri?"

A rana ta goma sha ɗaya ɗinkin ya buɗe, zazzaɓi ya dawo. Likita ya ce dafin ya riga ya shiga jini tun kafin a yi aikin, jikin kuma sukari ya cinye ƙarfinsa. Sun yi iya yinsu, wannan na shaida. Baturen nan sau uku yake zagayowa a rana. Malam Isa ya bar zuwa hutunsa ya tsaya a kansa.

Ran Laraba da yamma hankalinsa ya dawo sarai. Ya ce, "Ya Fatna, na yi kuskuren lissafi. Ka yafe mini."

Na ce, "Na yafe. Amma haushi ban daina ji ba."

Ya yi 'yar dariya ya ce wannan daidai ne. Ya ce a binne shi a nan, Kano garinsa ne. Ya ce kada a cire yara mata daga makaranta ko wa ya zo da magana. Washegari Alhamis da hantsi, Liman yana gefensa yana laƙƙana masa kalmar shahada yana amsawa, ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Mutanen da suka bi gawarsa sun cika lungunmu har titi. Leburorin wurin aikinsu suka zo gaba ɗaya da kayan aiki a jikinsu. Ina gode wa Yaya Garba da ya rufe rumfarsa kusan wata guda a lokacin cinikin Salla. Ina gode wa Malam Isa, da bai tare ni a baranda ba da har yau ina cewa ƙaramin abu ne ya kashe mijina. Liman ya rubuta wa tsohuwarsa takarda da Larabci, na sa hannu a ƙasa. Gwaggo Asabe kuwa a zaman makoki ta ce a gaban mata, ai da ma ta faɗa, da ba a yanke ba da yana nan. Na buɗe baki, Allah ya taimake ni na rufe. Wata uku ban taka Zaitawa ba bayan na fita takaba.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In kin ga ƙiyashi a makewayi, kada ki yarda a ce miki zafi ne. In ciwo ya ƙi zafi, ya fi mai zafi haɗari. In kun shiga wurin likita, kada ki bar mai ciwo ya zama shi ne tafinta, ko da waliyyi ne, ko da bai taɓa yi miki ƙarya ba. Kuma masu zuwa dubiya, don Allah in ba ku sani ba ku yi addu'a ku tashi.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai aka yi sallama a zaure. Malam Tanko ne, da abu a naɗe cikin buhu. Ya ce ya rasa yadda zai yi, aikin ya ƙare, marigayi kuma ya riga ya sallame shi. Aka shigo mini da ita. Ƙafa ce sumul, an goge ta da mai, ga gwiwa, ga ɗan ƙarfen keken. Na ja ƙarfen ta lanƙwashe ba ko gardama. Wani irin baƙin ciki ya taso mini. Mutumin da ya iya ƙirƙiro wannan yana kwance a gadon asibiti, shi ne ya kasa gane a cire yatsa ɗaya. Na ɗauke ta na nufi murhu. Yaya Garba ya riƙe hannuna ya ce, "Binta, wancan bawan Allah na gadon kusa, ai shi ma hagu ce."

Ina takaba ban fita ba, Yaya ne ya kai. Malam Tanko ya rage mata tsawo, don Mamman bai kai Injiniya ba.

Bayan wata biyar, da hantsi, na ji sallama da wani taku a zaure, ɗaya mai taushi ɗaya mai ƙarfi. Mamman ne. Ya ce dako ya gagara, amma Yaya ya samar masa tsaron rumfa a Ƙofar Wambai, da ƙafarsa yake zuwa da ƙafarsa yake komawa. Ina bayan ƙofa na tambaye shi abin da yake raina.

"Tana lanƙwasawa? Kana sujada da ita?"

"Sau biyar a rana, Inna. Goshina har ƙasa." Ya dubi ƙafar. "Sai dai kwanan nan ta fara ƙara. In na sunkuya sai ta yi ƙiii, duk sahu a juyo. Amma ba komai, ƙaramin abu ne, zan bari sai bayan..."

"Tsaya nan," na ce.

Na shiga ɗaki na buɗe akwatin kayan aikin Injiniya, wanda ban taɓa ba tun rasuwarsa. Na ɗauko 'yar butar mansa mai dogon baki, na miƙa ta bayan ƙofa.

"Ɗigo biyu. Ba gobe ba, ba bayan komai ba. Zauna nan ka zuba ina ji."

Ya zauna a dakalin zaure ya zuba. Ya ja ƙarfen, ya lanƙwasa, ya miƙe, ya sake lanƙwasawa. Ban ji ƙara ba. Sannan na bar shi ya tafi.